Aron Auta

"Ni dai na gaji da kiran suna kujera tana kallona," in ji malamar. "Mama, ina Auta take zuwa da safe?"

Ina tsaye a shagona, dutsen guga a hannu. Malamar kwalejin da autata ke koyon gwajin jini ce, ta tako har layinmu. Na ce, "Malama, yarinyata ba ta yawo. Aikin lada take yi."

"Wane irin lada?"

Na shiga lissafo mata, har da 'yar taƙamata. Ta raka matar mai kanti awo. Ta kai tsohon tela wurin likitan ido. Duk wanda zai je asibiti a layinmu wurina yake zuwa, tunda Auta ta san ƙofofin, kuma tana gane maganar likita. Ni kuwa ban taɓa cewa a'a ba. "Ai ga 'yar kwaleji nan, ɗauke ta."

Malamar ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce da safe ake shiga ɗakin gwaji, kuma hannu ba ya koyon allura a littafi. Ta ce ta roƙa mata alfarma wurin hukumar kwalejin har bakinta ya gaji. In ta sake rasa safiya, za a ba wani gurbinta.

"Ta fi kowa hannu, Mama. Na tambaye ta dalili, ta ce ba komai."

Ba komai! Wato rufa mini asiri take yi. Ni ake shi wa albarka a layi, ita ke zaman benci a asibiti. Ashe da karatun 'yata nake sadaka. Sai da na ji ƙauri na tuna da rigar mutane a ƙarƙashin dutse.

Da Auta ta dawo na ce mata daga yau an gama, ko wa ya zo ni zan tare shi. Ta dube ni kawai, ta ce, "To, Umma."

Washegari ta shirya da wuri, ta sa farar rigarta, ta rataya jaka. Tana ɗaure takalmi aka buga ƙofa. Yayar babansu ce, wadda ta riƙe mu lokacin da ya rasu. Ta taga na hango ta, ƙafa a kumbure, ta dafa bango tana haki.

"Ina 'yar likitata? Yau ƙafar nan ta ƙi ni, ta zo ta kai ni!"

Ni ko na kai ta, ban san ƙofar da ake fara shiga ba. Na kama sakata, ban zare ba. Ban saba ƙarya ba, ga carbi a wuyan hannuna.

Auta ta laɓe bayan labule, ta riƙe mini gefen zani, murya ƙasa-ƙasa.

"Umma, don Allah, ki ce mata na riga na fita."