"Ledis" a Kwanar Kazipara

Direban bas a Dhaka, babban birnin Bangladesh, da kunne yake tuƙi. Kwandasta na maƙale a ƙofa yana dukan jikin mota yana ihu da Turancin da Bature ma bai isa ya gane shi ba. "Filastik a hagu" na nufin ƙaramar motar wani mai hali ta matso, kada ka goge ta. "Ledis" kuwa ka tsaya cak, mace za ta hau.

Ni fasinjan wani direba Motaleb ne kullum daga Mirpur zuwa Gulistan, a bayansa nake zama, don haka a gabana abin ya faro. Kwandastansa, Jobbar, ya tsiri ihun "Ledis" duk sanda muka iso kwanar Kazipara. Motaleb ya taka burki, ya duba madubi, babu mace ko ta rantsuwa. Ga shi gidan Motaleb a bakin kwanar yake, tagar matarsa Shefali tana kallon titi.

Tun yana haɗiyewa har ya fara cika yana batsewa. Ni ma abin ya tsaya min a rai, don Jobbar gwauro ne, kuma kwanan nan gashinsa ke ƙyalli da mai.

"Bhai, ɗan'uwa," Motaleb ya ce min, murya ƙasa-ƙasa, "ka ga yana ɗaga kai wajen tagar nan?"

Na ce ban gani ba. Ban dai ce ba ya yi ba.

Ran wata Talata da safe muka iso kwanar, Jobbar ya kwarara "Ledis". Motaleb ya ciji leɓe ya ƙara wuta.

"Ostad, maigida, burki!" Jobbar ya riƙa dukan mota kamar zai fasa ta.

Motaleb ya taka, muka kife a kan juna. Da na leƙa, ga keken haya cike da 'yan makaranta ya fito daga lungun hagu, tayarsa har tana taɓa bambar motarmu.

Motaleb ya diro ya shaƙi wuyan rigar Jobbar. "Wace ce ledis ɗin taka, tsohon banza? Uban wa kake leƙe a tagar gidana?"

Jobbar bai ko yi yunƙurin ƙwacewa ba. Ya ce a hankali, "Ostad, rufe idonka na dama ka dube ni."

Motaleb ya sa tafin hannu ya rufe. Ya daɗe a tsaye a haka, yana juya kai yana neman mutumin da ke gabansa.

"Tun damina na lura idonka na hagu ba ya gani," in ji Jobbar. "Kullum war haka yaran nan ke fitowa ta hagunka, shi ya sa nake ihun ledis ka tsaya. In na faɗa, mai mota ya karɓe makulli, me Shefali da yara za su ci?"

Tausayi ya kama ni har na sunkuyar da kai. Motaleb ya hau mota, ya zare makullin da kansa, ya danƙa wa Jobbar.

"Tsaya ta haguna," ya ce, "ka raka ni gida."