Bangon da Enid Take Gogewa

Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa a benenmu ya shaida. Amma duk masifata ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin Enid Tattersall ba, kuma ba ni da aminiyar da ta kai ta. Ƙofarmu na kallon juna a hawa na biyu na gidajen ƙaramar hukuma da ke Brackenfold, tun 'ya'yanmu suna rarrafe. Yanzu yara sun watse, mijina ya riga mu gidan gaskiya. Ita nata Wilf yana nan a lokacin, sai dai ƙurar masaƙa ta riga ta cinye masa huhu. In yana numfashi, tun daga matakala ake jin sa.

Bangon ɗakin kwanansu ne matsalar. Da sanyi ya shigo sai ya fara gumi, fumfuna ta tsiro daga kusurwa, baƙa ƙirin, ta bazu har saitin matashin Wilf. Ɗakin yana wari kamar an manta jiƙaƙƙen tsumma a bokiti. Ni ce mai buga wa ofishin gidaje waya, don Enid ba za ta buga ba, wai kada a ce ta cika ƙorafi. In na gama zazzage musu cikina, sai su sa ranar da jami'insu zai zo ya gani.

To ga inda Enid take kashe ni. Ranar da za a zo, da sassafe take ɗaure kai, ta ɗauko bokiti da buroshi da ruwan bilic, ta goge bangon nan fes. Ta buɗe tagogi, ta gasa kek, ta fito da kofunan nan masu zanen fure waɗanda ni ban taɓa shan shayi a cikinsu ba. Haka uwarta ta raine ta, haka aka raini duk matan zamaninmu: baƙo ba ya ganin dattin gidanki, ko da mai kwasar shara ne.

Jami'in wani saurayi ne mai suna Declan, mai ladabi kamar ya kwanta a taka. Ya leƙa ɗakin, ya dawo falo ya zauna.

"Mama, ai bangon nan lafiyarsa ƙalau. Ɗan danshi ne kawai. Ki riƙa buɗe taga, kuma a rage shanya a cikin gida."

"To ɗana, na gode. Ƙara kek mana, dubi yadda ka rame."

Bayan ya tafi sai wata yarinya ta bugo daga ofis tana tambayar ko an gamsu da ziyarar. Enid ta ce ai ba ta da abin cewa sai godiya, yaron kirki ne. Shi ke nan an rufe magana.

"Ke Enid, kanki ɗaya kuwa?" na ce mata. "An kira likita, kin ɓoye ƙurjin!"

"Glenys, rage murya, Wilf na barci. Ba zan bar ɗan mutane ya ga ɗakina kamar juji ba."

"Ɗakinki? Bangonsu ne, ruɓarsu ce! Kunyar mara kunya asara ce, baiwar Allah."

Kada kuma a ce laifinta ne ita kaɗai. Declan yana da hanci. Warin bilic yana hawa kai tun daga ƙofa, kuma ya san tsofaffin unguwar nan sarai, ya san abin da suke yi in za a yi baƙo. Bai taɓa cewa bari in dawo ba zato ba. Bango mai tsabta ya fi masa sauƙi, ya fi wa shugabanninsa sauƙi. Har allo suka kafa a ƙofar shiga bene, wai tara cikin goma na masu haya sun gamsu. Duk lokacin da na wuce sai na ji kamar in tofa masa yawu.

Aka yi ta haka, sanyi ya tafi ya dawo, ya sake dawowa. Rannan Wilf ya faɗi a banɗaki, numfashi ya gagara, motar asibiti ta ɗauke shi. Da ya ɗan farfaɗo likita ta tambayi yadda gidan yake. Kafin Enid ta buɗe baki na riga ta. Likitar ta ce ba za ta mayar da mai irin wannan huhu ɗaki mai danshi ba. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi can bayan gari, aka ce zai koma gida ranar da aka gyara bangon.

Wilf bai taɓa kwana nesa da Enid ba tun aurensu. Duk zuwan da muka yi maganarsa ɗaya ce.

"Yarinya, yaushe za ki zo ki tafi da ni? Shayin mutanen nan kamar ruwan wanke-wanke."

Da furfurarta da komai, yarinya yake ce mata. Ita kuma sai ta gyara masa bargo ta ce an kusa.

Ana cikin haka muka ji cewa kwamitin kansiloli mai kula da gidaje zai zagayo unguwa. Na tsaya a kan ƙafata a ofis har sai da suka sa gidan Enid cikin waɗanda za a shiga. Daga nan na ɗauki makullinta da take ajiyewa a wurina, na bari ta fita kasuwa, na kwashe bokiti da buroshi da bilic da duk wani tsumma, na kulle a ɗakina.

Da ta dawo ta buga mini ƙofa.

"Ɓarauniya! Ba ni kayana."

"Ba zan bayar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kina son Wilf ya dawo ko ba kya so?"

Ta tsaya tana kallona, idonta ya ciko. Ta juya ta shige. Ta koma kwana a kujerar falo, bango kuwa ya samu sake, ya yi baƙi tun daga sama har ƙasa. Ban taɓa murna da ƙazanta ba sai a wannan karon.

Ranar zuwan manya, sai ga unguwa ta zama amarya. An share matakala, an sa ƙwan fitilar da ya mutu tun bara, har ciyawa aka yanke. Kansila Ormerod ne a gaba, mutum mai tumbi da murmushin neman ƙuri'a, da wasu mata biyu, Declan na biye. Na bi su ciki ba tare da an gayyace ni ba. Kek na kan tebur, kofuna masu fure sun fito.

Aka buɗe ɗakin kwana. Babbar durowar kayansu, wadda ƙarti biyu suka shigo da ita da ƙyar, tana tsaye a gaban bangon. Tsohuwar nan ita kaɗai ta tura ta. Abin da ya leƙo ta gefe kuma ta rataye masa labule.

"To Mama," in ji kansila, yana riƙe da kofi, "akwai wata damuwa?"

Enid ta sunkuyar da kai. "Mun gode Allah, ranka ya daɗe. Wasu ai ko rufin ba su da shi."

Nan tura ta kai bango. Na ture Declan, na fizge labulen, na kama durowar.

"Haba Mama Glenys," in ji Declan, "don Allah ki yi haƙuri, za ki ji ciwo."

"Matsa ka ba ni wuri, ɗan shan shayi! Ko ka kama mini, ko ka kauce."

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ja, durowa ta taho, katakon bayanta da ya riga ya ruɓe ya ɓare ya faɗi. Ga bango baƙi, yana naso, wari ya bugi kowa. Ga kayan ciki a fili, har da kwat ɗin auren Wilf, wadda Enid take adanawa kamar ƙwai, ta yi kore-kore da fumfuna har wuya. Kansila ya ajiye kofi ya toshe hanci da hankici.

"Kai! Me ya sa ba wanda ya sanar da mu?"

"Ba wanda ya sanar da ku? Kunnena ya kusa ruɓewa a kan wayarku! Kun zo kun sha shayinta, kun cinye kek ɗinta, kun ce ta buɗe taga. Mijinta na can yana kokawa da numfashi, ku kuna nan kuna kafa allo!"

Enid ba ta kalli bangon ba, kwat ɗin take kallo. Can ta ce a hankali, "Shayinku zai huce."

Daga ranar ta daina yi mini magana. Na tona mata asiri a gaban baƙi, kuma a wurinta wannan ya fi mari. Na ji zafi ƙwarai, amma na ce in dai Wilf zai dawo, ta yi ta gaba da ni har tashin duniya.

Kansila ya ce aikin gaggawa ne. Gaggawarsu ta kai mu har ƙarshen sanyi, ana turo wannan ya auna, wancan ya ɗauki hoto. Da ma'aikata suka zo suka fasa bangon, bututun ruwa ne ya tsage a ciki. Kafin rana ta take sun canza shi. Abin da ya cinye mana shekaru ke nan. Suka yaɓe, suka ce a bari ya bushe kafin mara lafiya ya shigo.

Wilf bai jira ba. Ya cika a can bayan gari, a hannun mutanen da ba su san yadda yake son shayinsa ba. Da kwat ɗin ɗansu aka binne shi. A maƙabarta Enid ta laluɓo hannuna ta riƙe.

Bayan an share makoki, ina tsaye a bakin ƙofata sai ga kansila Ormerod da Declan, ɗauke da furanni. Suka ƙwanƙwasa. Enid ta buɗe, ta tsaya a tsakiyar ƙofa. Suka yi ta'aziyya, ta amsa. Kansila ya tambayi bangon.

"Ya bushe," ta ce.

Suka tsaya suna jira, Declan har ya fara goge takalmi a kan tabarmar bakin ƙofa, don ya saba. Tunda nake da Enid ban taɓa ganin mahaluƙi ya taka ƙofarta bai ji ƙarar butar shayi ba, ko mai karanta mita ne. Ta dubi takalminsa, ta dubi fuskarsa.

"Ba sai ka goge ba, ɗana," ta ce. "Ba shiga za ka yi ba."