Sunan Malam a Jikin Inji

Ranar da Sa'adiyya ta fita takaba, Yussif ya zo har gida a unguwarsu ta Soundview, can ƙasar waje, ya ce kamfani yana son ganinta. Yussif mutumin Kumasi ne, abokin aikin marigayi mijinta. Ya ce za su girmama Malam. Ita ta ɗauka addu'a za a yi, don haka ta dafa dambu ta zuba cikin kula, ta ɗauki autarta Muhsina saboda Turanci.

Ba ta taɓa ganin wurin aikin ba. Ta dai san shekara da shekaru Malam yana tsaye gaban wani kwandon ƙarfe yana tsintar noti da ƙusoshi, yana jera su a kan bel mai tafiya da kaya. Ta san hannunsa mai kanta, mai warin baƙin mai. Ta san kuma lokacin da aka kawo inji aka mayar da shi lodi a bakin ƙofa, cikin sanyi, da shekarunsa. Daga nan ya fara tari.

Da suka isa, ga injin nan kuwa. Hannu ɗaya ne na ƙarfe, da kyamara a samansa tana leƙa kwandon. Sai ya ɗan yi jim kamar mai tunani, ya cusa yatsu cikin tarin ƙarafa, ya zaro noti guda ya ajiye. Ba ya gajiya, ba ya tari.

A jikinsa an ɗaure wani farin allo da rubutu. Sa'adiyya ba ta yi boko mai nisa ba, amma waɗannan haruffa ta san su: Shitu.

Kafin ta buɗe baki, hannun ya tsaya cak. Wani ma'aikaci da cingam a baki ya ƙwalla ihu da Turanci, ya kai wa gindin injin shuri. Sauran suka yi dariya.

"Me ya ce?"

Muhsina ta sunkuyar da kai. "Umma, wai Baba ya sake yin barci, a tashe shi."

Tun ranar da aka ɗaura musu aure bakin Sa'adiyya bai taɓa furta wannan suna ba. Malam take cewa. Ko a asibiti da nas ta tambaya, sai da ta juya ta kalli Muhsina. Yau ga shi ana jifa da shi kamar sunan kare.

Manaja ya zo da murmushinsa da makirufo. Ya yi dogon bayani, Muhsina tana fassarawa. Wai daga hannun Malam kyamarar ta koyi aiki, don an daɗe ana ɗaukar hotonsa yana tsinta. Wai shi ya sa suka sa wa injin sunansa. Yanzu suna so matarsa ta kira sunan da ƙarfi, a tafa, a ɗauki hoto.

"Ki gaya masa ba zan kira ba. Ya cire."

"Umma, karramawa ce a wurinsu fa."

"Karramawar da ake shuri? Ki gaya masa yadda na faɗa, kada ki sa mata sukari."

Yussif ya matso. "Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi ni na kawo shawarar, don kada a manta da shi."

"Kai ne? Kai da ka ci tuwo a gidana? Suka kwashe abin da ke hannunsa suka zuba wa ƙarfe, suka tura shi bakin ƙofa, yanzu sunan ma ba za ku bari ya kwanta da shi ba?"

Manaja ya ce za su duba maganar. Ta san irin wannan "za mu duba" ɗin. Sai ta dire kular dambu, ta tsallake jan layin da aka zana a ƙasa kewaye da injin. Wata ƙara ta tashi, fitila ta hau walƙiya, hannun ya sandare da noti a yatsunsa. Bel ɗin ma ya tsaya. Ashe in mutum ya shiga, inji ba ya motsi.

Suka taru suna roƙo. Ta gyara mayafinta ta zauna a ƙasa. Fuskar manaja ta yi ja, ya dubi agogo, ya dubi bel, ya yi wa Yussif alama da hannu. Yussif ya kawo sukudireba ya kwance allon, idonsa bai haɗu da nata ba. Ta karɓa, ta goge shi da bakin mayafi, ta sa a jaka, sannan ta tashi.

Sun kusa ƙofa injin ya tashi. Wani daga can ƙarshen bel ya ɗaga murya da murna, ya kira sunan nan dai.

Sa'adiyya ta tsaya. Ta miƙa wa Muhsina jakar.

"Zo ki fassara. Ɗaya bayan ɗaya za su zo gabana."

Ta koma ta sake tsallake layin.