Ƙarfen Kawu Rhissa

Azara ta karanta saƙon sau uku a gindin itacen bedin ƙofar gidansu a Dakoro, Faransancinta na lakwal, makarantar boko, yana ta yi mata gardama. Masu kasuwar intanet ɗin da take sayar da jakunkunan fatar mahaifiyarta sun sake doka. Duk wanda bai nuna mark ɗinsa a jikin kaya ba, ɗan sari za su ɗauke shi, su ninka masa kuɗin da suke yanka, bayan kwana bakwai kuma su rufe masa shago. Shagon nan shi ke riƙe da gidan. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don ita a saninta mark sai manyan kamfanonin takalma da sabulu.

Kawunta Rhissa yana gefe yana dafa shayi. Tsoho ne da bai yarda da salula ba, cewa yake abin ya cika surutu kamar ɗan akuya.

"Mi ad damuwa, ɗiyata?"

Ta bayyana masa, ta ce mark alama ce da ke nuna kaya na wane ne.

"Ejwal kenan," in ji shi da Buzanci. "Wa ya ce miki ba mu da ita?"

Ta so ta yi dariya. Shi shaidar da ake lalasa wa raƙuma ya fahimta. Amma tsohon bai saurari bayani ba, ranar kasuwa ya ja ta har kara, kasuwar dabbobi. Ya riƙa bi tsakanin raƙuma yana nuna wuya da cinya: wannan na mutanen Korahane ne, wancan ya sauya hannu sau biyu, ga tsohuwar shaida ga sabuwa, wancan kuwa na jikokin wani ne da suka sha rijiya ɗaya da kakanta. Dillalai sai gyaɗa kai suke. Azara ta tsaya baki buɗe. Tun tana yarinya take ratsa karar nan, ba ta taɓa sanin rubutu ne ke yawo da ƙafa huɗu ba.

Da suka koma gida ya buɗe akwatinsa, ya fito da wani ƙarfe naɗe a tsumma. Bakinsa zane biyu ne da ɗigo a tsakani. Mahaifiyarta na ganinsa ta ajiye basilla, ta kama baki.

"Tun babban fari da garkenmu ya ƙare, shekara arba'in, ƙarhen ga bai ga wuta ba," in ji Rhissa.

Ya tura shi cikin garwashin shayi. Da ya yi ja, ya yi bismilla, ya ɗora a kusurwar jaka. Ƙauri ya cika tsakar gida. Azara ba ta taɓa ganin kawunta ya miƙe tsaye haka ba. Ta ɗauki hoto ta aika wa masu kasuwar, tana jin kunya a ranta, ta tabbata za su ce wasa take yi da su.

Kwana biyu shiru. A na uku amsa ta zo: sun karɓa, shago na nan.

Bayan an lalasa wa sauran jakunkunan shaidar, ta kai masa salular. Jakunkuna ne jere a fuskar salular, kowace da zane biyu da ɗigo. Ya daɗe yana kallo, yana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Har ina aka ganin su?"

"Ko'ina, Kawu. Jiya wata mata daga ƙetaren teku ta sayi ɗaya."

"Da shaidarmu a jiki?"

"Da ita."

Tsohon ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe idanu.

"Ikon Allah. Raƙuman babana Agadas suka tsaya, ba su taɓa wuce nan ba."