Sunan da Jariri Zai Gada

…kuma ba wai bai nema ba. Wannan dai Nyokabi ba za ta ɗora wa ubanta ba. An ce akwai taron da take so ya je a Nyeri, bayan asibiti — amma rabin garin shi ya koya wa tarihi, sauran rabin kuma sun taɓa raka shi gida. Ina zai sa fuskarsa? Shi ya sa ya taho garin Karatina. Motar haya ta matatu, rana tsaka, buhun kabejin wata mata a kan cinyarsa.

Ga cocin. Ƙofofi rututu, babu allo ko ɗaya. Da gaskiyarsu: wa zai kafa allo? Ya tura ta farko — mata ne 'yan waƙa, baki buɗe, duk sun juyo. Ya rufe a hankali, kamar mai duba lafiyar ginin.

Maigadi yana gasa masara a bakin get.

"Ɗana, wani zama nake nema… na tattaunawa. Na masu son gyara wasu al'amura."

"Na 'yan kwalba? To ka faɗa mana, Mzee, dattijon kirki! Bayan tankin ruwa. Ɗaga ƙafa, shayinsu ba ya jiran kowa."

Duk karatunsa, mai gasa masara ya taƙaita shi a kalma biyu. Da ɗalibi ne, da ya ci maki.

Bayan tanki… kwata, kaji. Ranar nan ta dawo masa. Nyokabi, hannu a kan cikinta, ba ta ko ɗaga murya — gara ta ɗaga. "Baba, namiji ne. Na biyu." Shi ke nan, kowa ya san sauran. Ɗa na fari sunan uban miji, na biyu sunan uban mata. Layinsa ya zo. "Yaron nan Baba zan riƙa kiransa har in mutu. Ka faɗa mini wane Baba. Ka nemi mutanen nan, in ba haka ba sunan ƙanenka zan sa."

Ƙanensa! Mutumin da bai taɓa gama karanta jarida ba. Bai kuma taɓa kwana a kwata ba — to, akwai wannan.

Wanjohi. Sunan ke nan. A yarensu njohi giya, Wanjohi na giya. Wa ya ce magabata ba su iya barkwanci ba? Kakansa da girma ya ɗauke shi: shi ke haɗa giyar zuma ranar kai dukiyar aure, dattawa su fesa a ƙirji su sa albarka, ƙahon sha ya zaga sau ɗaya ya koma rataye. Suna ne kawai a lokacin. Shi ne ya zo ya mai da shi bayani.

Ranar dukiyar Nyokabi… uban amarya ke fara sa albarka. An neme shi. Yana ɗan hutawa ƙarƙashin bishiyar fiya, takalmi ɗaya. Ƙanensa ya karɓi ƙahon. An ce ya yi kyau. An ce ba ta yi kuka ba sai da baƙi suka watse.

Ɗakin ajin yara ne na ranar Lahadi. Kujeru 'yan ƙanana, manya sun naɗe a kansu, gwiwa kusa da haɓa. Jirgin Nuhu a bango — shi ma Nuhun Baibul da ruwan inabinsa, in ana maganar gaskiya… a'a, ba yau ba. Direban babur, wata mai lulluɓin coci, wani da taye. Wannan mai tayen ai ba ya kama da… da wa? Shi da wa yake kama?

An miƙo masa shayi, yana ta zuba a faranti. Babu mai kallo. Sun ƙware a rashin kallo.

Suna zagayawa, kowa ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne. Suna, sannan kalmar. Suna, sannan kalmar. Ba Mwalimu, wato Malam, ba Baban wance — suna tsirara, kamar a layin allura. Yana da na baftisma a aljihu: Erastus. Tsaf, ba a taɓa amfani da shi ba, ba kuma mai gadonsa. Erastus ya zama mashayi, Erastus ya tuba, ba ruwan kowa. Amma Erastus aka tsinta ƙarƙashin fiya? Erastus za a raɗa wa jaririn?

Mai lulluɓin ce ke jan zaman. "Baƙonmu, in ka ga dama."

"Sunana… Wanjohi."

"Mzee, suna aka tambaya," in ji direban babur, "cutar tana zuwa daga baya!"

Dariya. Ba ta mugunta ba — har da mai taye, har da shi kansa, kaɗan. Irin ta mashaya ce sak, da ita ya sha giya kyauta shekara da shekaru. Shi ya fara ba da labarin ma. Shi ya koya wa Nyeri yadda ake dariyar.

Ya hango yaron a filin makaranta, gajeren wando, ana kiran suna… wa zai fara? Ɗan wa? Jikan wane abokin shansa?

Dariyar ta lafa. Suna jira. Saura rabin jimlar — kalma biyu, "mashayi ne", ba wuya, ya koyar da waɗanda suka fi ta tsawo. In ya faɗa, ya manna ta a jikin sunan yaron. In bai faɗa ba, yaron ba nasa ba ne.

Shayin yana hucewa. Kujerar nan ta yi masa ƙanƙanta, kuma bai ga ta yadda zai tashi ba.