Jan Biro a Littafin Auta

Shekara ashirin da biyu Malama tana koyar da adabi a sakandare, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa karanta komai babu jan biro a hannunta ba. Abin ya zame mata jiki. Takardar cikin kwalin magani ma sai ta gyara mata waƙafi kafin ta haɗiyi ƙwayar.

Auta ce ta kawo mata littafin. Ita ce ƙaramar 'yarta, shekararta sha shida, kuma tun da auren Malama ya mutu shekara uku da suka wuce take zaune a gidan ubanta. Ranar Asabar kaɗai take zuwa, shi ma in ta ga dama. Za ta zauna a kujerar bakin taga ta duƙufa kan waya, a tambaye ta makaranta ta ce lafiya lau, a tambaye ta ƙawaye ta ce suna nan. Ƙarfe biyar na yi ta saɓi jaka. Babu abin da Malama ke tsoro a duniya kamar ranar da Asabar ɗin ma za ta wuce babu ƙwanƙwasa ƙofa.

Ran nan kuwa, har ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta zaro wani littafi mai kauri daga jaka, bangonsa duk ya sha hannu.

"Mama, ki karanta wannan. Sau huɗu na karanta shi. Don Allah har ƙarshe."

Malama ta karɓa hannu bibbiyu. Abu na farko ke nan da yarinyar ta miƙo mata a shekara uku, murna har ta hana ta cin abinci.

Ranar Litinin a ɗakin malamai ta ture tulin takardun jarrabawa gefe, ta jefa biron a aljihun tebur ta rufe, ta ce wa kanta wannan karon uwa ce za ta yi karatu. Ina! Ko shafi na tara ba ta kai ba biron ya dawo hannu, ita kanta ba ta san lokacin da ta ɗauko shi ba.

Labarin wata ɗaliba ce da wani aljani da ke zaune a tsohuwar rijiyar bayan makaranta. Shekararsa ɗari bakwai, amma wai fuskarsa ta ɗan sha takwas ce. Idanunsa kamar garwashi. Sau talatin da ɗaya aka faɗi haka, Malama ta ƙirga, kowanne ta zagaye shi. Yarinyar kuwa ba ta da aiki sai faɗuwar gaba da tuntuɓe, ga uban gayya nan a bayanta yana tarewa. A gefen shafi Malama ta rubuta, "Shekara ɗari bakwai bai koyi sallama ba?"

Da farko abin dariya ya ba ta. Daga baya dariyar ta ɗauke. Aljanin ya karya hannun wani ɗan ajinsu don kawai ya ari rula a wurin yarinyar. Ya raba ta da ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Ya jefa wayarta a rijiya, da ta yi kuka ya ce son da yake mata ne ya yi yawa, sakaryar kuma ta narke. Malama ta san wannan magana farin sani. Shekara goma sha bakwai ta yi da mutumin da ke binciken jakarta yana faɗin haka, kuma shi ba a rijiya yake kwana ba. Wato wannan shirmen 'yarta ta karanta sau huɗu? Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta danna biro har ya huda takarda: "Ki gudu, wawuya!"

Malamin lissafi ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Malama, yau kuma wane ɗalibi ne ya shiga uku?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Daga tsakiyar littafin ta koma irin karatun da take wa takardun ƙarshen zango: layin farko, layin ƙarshe, ja layi, juya. Ranar Alhamis ta kai shafin ƙarshe, aljani ya sauka da amaryarsa cikin rijiya, wai an ji daɗi. Tir! Ta rubuta uku bisa ashirin, ta zagaye. Kuma wallahi ko a jikinta, gani take ceton 'yarta ta yi. Har jawabi ta tsara a ranta kan yadda ake gane mugun namiji tun daga nesa.

Asabar, tun ƙarfe goma Auta ta iso, abin da ba ta taɓa yi ba. Wayar ma tana cikin jaka.

"Mama, kin gama?"

"Tas. Zauna, akwai magana."

Auta ta karɓi littafin ta buɗe. Ta juya shafi, ta sake juyawa. Ko'ina ja, kamar an yanka kaza a kai. Sai ta shiga juyawa da sauri har ta kai wani wuri can kusa da ƙarshe ta tsaya.

"Ai wannan aljanin," in ji Malama, "in kika lura da kyau..."

"Ni ma haushi yake ba ni, Mama. Duk ajinmu mun san wawa ne."

Ta juyo mata da littafin. Babin da uwar ɗalibar, wadda ta daɗe da barin gida, ta zo bakin makaranta neman 'yarta ne. A ƙasan wasu layuka biyu akwai zanen fensir, siriri, da ƙyar ake ganinsa. Yarinyar cikin labarin ce ke cewa ba fushi take da uwarta ba, so take ta koma wurinta da zama, kunyar faɗa take ji. A kan layukan, daga wannan kusurwa zuwa waccan, jan biro ya ratsa, da rubutun Malama ɓaro-ɓaro: "Surutu. A cire, bai ƙara komai ba."

Malama ta ƙura wa layukan ido. Ko tuna shafin ba ta yi.

"Auta, ban ga fensirin ba. Wallahi ban gani ba."

"Na sani."

"To faɗa min yanzu. Da bakinki. Ina jin ki."

 Yarinyar ta rufe littafin a hankali, ta ajiye shi a kan tulin takardun da ke tebur, ta gyara masa zama daidai da sauran. Ta saɓi jakarta, ko rabin awa ba ta yi a gidan ba.

"Ki bar shi a nan, na gama da shi," in ji ta. "Sai an jima, Malama."