An Riƙe Mama a Hanya

Lorna Kangas tana jawo zannuwan gado daga injin busarwa wayarta ta fara kuka a aljihun rigar aikinta. Ta ƙyale ta. Wayar ta katse, ta sake kuka, sai Lorna ta ɗaga. An hana riƙe waya a ɗakin wanki na gidan kula da tsofaffi, amma tun da aka yi wa Lorna rasuwa shugabarsu take kau da kai.

"Baba, ina bakin aiki fa."

"Sun riƙe uwarki," in ji Arvo.

"Su wa?"

"Masu kawo kaya. Ga saƙo sun turo. Wai adireshi bai cika ba. In ba a biya kuɗin sake kawowa yau ba, za su mayar da ita inda ta fito."

Lorna ta saki zanen da ke hannunta. Mahaifiyarta, Maxine, ta rasu ne a Arizona, gidan ƙanwar ita Maxine ɗin, inda take zuwa duk lokacin sanyi saboda ciwon ƙirji. An ƙone gawar kamar yadda ta bar wasiyya, masu hidimar jana'iza na can suka sa tokar a akwati suka aiko gida Ishpeming. Ƙasa a daskare take, ba za a iya haƙa kabari ba sai watan Mayu, don haka a gida za ta zauna kafin nan. Tun da aka ce an aiko ta, kullum Arvo sai ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya zauna bakin taga.

"Turo min saƙon. Danna ka riƙe, kamar yadda na koya maka."

Sai da ya yi sau uku kafin ya shigo. Ta buɗe. Ga tambarin wani kamfanin jigilar kaya, irin launin da take gani a jikin motocinsu, ga hoton kwali, ga jan rubutu yana cewa lokaci ya kusa ƙurewa. Dala biyu da 'yan kai kawai suke nema.

"Lorna, ba kya ganin mu kira mutanen Arizona mu ji?" in ji Arvo. "Gidan nan tun kafin a haife ki yake da wannan adireshin. Ko karen maƙwabcinmu Toivo ya san shi. Ta yaya zai ƙi cika yau?"

"Baba, dala biyu ce. A kan dala biyu za ka bari a koma da Mama?"

"Ni dai na ce…"

"Ga wanki ya taru min har rufi. Bari na biya kawai."

Ta san lambar katinsa na banki da ka, don ita ke yi masa cefane. Ta jingina da injin, ta cika komai da babban yatsa ɗaya: sunansa, adireshi, lambar wayarsa, lambar katin gaba da baya. Shafin ya juya ya juya, ya ce an gode.

"Shi ke nan, na biya. In sun kira ka, don Allah ka ba su abin da suke so. Ban da gardamar nan taka."

"Ni ne mai gardama?"

"Kai ne sarkinta. Sai na zo."

Ta mayar da wayar aljihu tana jin daɗi a ranta, kamar wadda ta yi wa uwarta wani abu na ƙarshe. Ba ta je Arizona ba. Lokacin da ƙanwar Maxine ta kira ta ce jikin ya yi tsanani, Lorna ta ce bari a ga ƙarshen mako, kuɗin jirgi zai sauko. Bai sauko ba, ita ma Maxine ba ta jira ba.

Da ta tashi aiki da yamma ta biya ta sayi burodi guda biyu mai nama da dankali a ciki, irin wanda Arvo yake so, mai yawan albasa. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, titi duk caɓi. Tana shan kwanar layinsu ta hango motar gidan waya tsaye a ƙofarsu. Joanne mai kawo wasiƙu, wadda ta saba jefa takardu a akwatin bakin titi ta wuce, yau ta fito ta hau matakala. Da hannu biyu ta riƙo wani ƙaramin kwali a ƙirjinta, ta cire hular sanyinta.

Arvo ya sa hannu a takarda. Ya karɓi kwalin, ya auna shi a hannu.

"Ashe nauyi gare ki, Maxine," ya ce.

"A kujerar gaba na ɗauko ta," in ji Joanne. "Har bel ɗin kujera na ɗaura mata. Ka san halinta, da a baya na sa ta, da na sha faɗa."

Arvo ya yi dariya, idonsa ya ciko. "Kun yi sauri kuwa. Da safen nan fa muka biya kuɗin."

"Kuɗin me?"

"Na sake kawowa. Da aka ce an riƙe ta."

Joanne ta dubi Lorna, ta dubi tsohon. "Arvo, ba wanda ya riƙe ta. Ta hannunmu ta biyo tun daga can, an biya komai tuntuni. Mu gani, wa ya turo maka?"

Ya miƙa mata wayar. Ta ɗan nisanta ta daga idonta ta karanta.

"Kai, 'yan banza! Wannan kamfanin ma ba shi ya ɗauko ta ba, sunansu aka ara. Dubi lambar da ta turo, ta wata ƙasa ce. Dubi adireshin shafin, sunan kamfanin ne aka liƙa masa wasu haruffa a wutsiya. Kowa a layin nan ya samu irinsa, har ni da nake kawo kayan. Watsa shi suke yi kamar hatsi, ko za a dace da mai jiran wani abu." Ta ɗago. "Ba ka danna ba dai ko?"

Lorna ta ji jakar burodin ta yi mata nauyi a hannu.

"Wani ya kira ka, Baba?"

"Wani yaro mai ladabi. Har gaisuwar rasuwa ya yi min, da na gaya masa abin da ke cikin kwalin. Ya ce banki zai turo min wasu lambobi, na karanto masa don a saki kayan."

"Ka karanto?"

"Sau biyu. Ya ce na farkon bai shiga ba." Ya kalle ta. "Ai ban yi gardama ba."

Joanne ta mayar da hularta a hankali. "Ku kira banki yanzu yanzu. Lambar da ke bayan katin, ba wadda kowa ya turo ba. Allah ya jiƙan Maxine." Ta sauka matakala ba ta waiwayo ba.

A kicin Arvo ya ajiye kwalin a kan tebur, gefen da Maxine take zama, kusa da rediyo. Ya ɗora ruwan kofi. Lorna tana tsaye da waya a kunne, ana sa mata kiɗa. Da matar bankin ta ɗauka, ta rufe katin nan take, sannan ta karanto abin da ya fita. An yi sayayya biyu manya a wasu shaguna da Lorna ba ta taɓa jin sunansu ba. Kusan duk abin da ke asusun ya tafi, har da na dutsen kabari. Matar ta ce za a bincika, amma tunda mai katin da bakinsa ya bayar da lambobin, ba za ta yi alkawari ba. Ta ce ba kamfanin kaya ko banki da zai kira mutum ya ce ya karanto masa irin lambobin nan. Da taushin murya ta faɗa, ta saba.

"Akwai wani suna kuma a kan asusun," in ji matar. "Wade Kangas. Shi ma an tura masa sanarwa."

Wade yayan Lorna ne. Yana Grand Rapids, tafiyar yini guda a mota, kuma a hannunsa takardar ikon kula da al'amuran Baba take. Da kaka, bayan Arvo ya manta tukunya a wuta har hayaƙi ya tara maƙwabta, Wade ya zo da hotunan wani gidan tsofaffi kusa da shi, mai lambu da tafkin kifi. Lorna ta san irin gidajen nan ta ƙofar baya. Ita ke rubuta sunayen mutane a wuyan rigunansu don kada a musanya, ita ke tattara rigunan a leda in gadon ya zama ba kowa. Ranar sun yi ta yi har Maxine ta buga tebur. A ƙarshe Wade ya ce, "To. Muddin Lorna tana nan tana sa ido, na bar shi. Ita kaɗai ce dalili."

Wayar Arvo ta fara kuka a kan tebur. Sunan Wade ne. Suka zuba mata ido har ta katse.

"Zan gaya masa ni ce," in ji Lorna.

"Ba za ki gaya masa ba."

"Baba, kai ka ce a kira Arizona. Kai ka gane. Ni na hana ka, ni na cika, ni na ce kada ka yi gardama."

"Zauna."

"Ba zan bari ya ɗauka ka rikice ba, alhali…"

"Na ce zauna, 'yar nan. Kin tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji."

Ta zauna. Ya zuba mata kofi, ya zuba wa kansa, ya tsaya da butar a hannu yana kallon gefen rediyo, sannan ya mayar da ita kan murhu.

"Na san ɗana," ya ce. "In ni ne, zai ce tsoho ne, kowane tsoho ana yi masa haka. Zai yi ihu, ya ƙwace katin, wataƙila da motar. Ya ba ki. In ke ce, me ya rage? Zai ce mai sa idon ma ga abin da ta yi. Kafin ƙasa ta narke ina can ina kallon kifi."

"Motar fa, Baba? Da me za ka riƙa zuwa bukkarka ta bakin tafki? Wa zai hura maka wutar wankan tururi ran Asabar?"

"Ke za ki kai ni. Ki zauna a mota kina danna wayarki, tunda kin iya."

Ta so ta yi dariya, abin ya fito mata kuka. Ta rufe baki da tafin hannu.

"Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya," in ji Arvo. "Ni na karanto lambobin. Ina karantowa ina jin wani abu a cikina yana cewa kada. Amma yaron ya ce in ba haka ba za ta kwana a sito. Uwarki ba ta son sanyi."

Wayar ta sake kuka. Arvo ya goge hannunsa a wando, ya danna, ya sa ta yadda kowa zai ji.

"Baba! Me ke faruwa ne? Tun ɗazu nake kira! Ka ga abin da ya fita daga asusunka?"

"Na gani. Sannu da aiki, Wade. Uwarka ta iso."

Muryar Wade ta sauka. "Ta iso?"

"Ga ta nan a kan tebur."

"To. To, madalla." Ya ja numfashi. "Baba, kuɗin nan fa?"

Arvo ya ba shi labari tiryan-tiryan: saƙon, tambarin, dala biyu, yaro mai ladabi. Duk inda Lorna take a labarin sai ya sa kansa. Ya ce shi ya danna, shi ya ɗauko katin daga walat ya kwafe lambar, da gilashinsa a hanci. Har ya ƙara da cewa sai da ya yi kuskure ya sake. Lorna ba ta taɓa jin ubanta ya yi ƙarya ba, ba ta san ya iya haka ba.

"Haba Baba! Sau nawa zan faɗa maka? Duk saƙon da ya ce ka biya yanzu yanzu, ka tsaya! Ga lambar bin kaya da mutanen jana'iza suka ba mu, me ya hana ka duba da ita? Me ya hana ka kira Lorna? Ga ta nan kusa da kai!"

"Tana aiki. Ban so na dame ta."

"Lorna tana nan?"

"Ina ji, Yaya."

"Kin ga abin da nake faɗa ko? Kin gani da idonki." Ya yi tsaki. "Yau ba ranar wannan maganar ba ce, Mama ta shigo gida. Amma daga yau sabon katin a hannunki zai zauna. Da makullin motar. Mutumin da za a yi wa haka a waya, ban yarda da shi a kan titi ba. Baba, kana ji na?"

"Ina ji."

Arvo ya miƙe ya je bayan ƙofa, ya ciro makullin daga ƙusa. Ya dawo ya turo shi a kan tebur har ya taɓa kofinta. Ya kafe ta da ido, ya girgiza kai sau ɗaya.

"Lorna?" in ji Wade. "Kin karɓa?"

Ta buɗe baki. Ubanta bai ɗauke idonsa daga kanta ba.

"Na karɓa."

"Yauwa. Ki yi haƙuri, na san duk nauyin a kanki yake, ni ina nan nesa sai faɗa. Da ba don ke ba, wallahi da gobe zan zo na ɗauke shi. Na gode, ƙanwata."

Lorna ta dunƙule makullin a hannunta.

"Ba komai, Yaya," ta ce.